Alƙalan ƙwallo: yadda ake duba tarihinsu kafin babban wasa

Idan babban wasan ƙwallon ƙafa ya gabato, rediyo yana faɗin sunayen ƴan wasa. Yana kuma faɗin sunayen waɗansu mutane huɗu da ba za su taɓa ƙwallo ba. Su ne alƙalan wasa, waɗanda samari ke kira arbit. Ana bayyana sunayensu ƴan kwanaki kafin wasan. Daga nan sai jama'a su shiga tambaya: ɗan wace ƙasa ne? Wane aiki yake yi? Wasanni nawa ya hura a baya?

Tambayoyin suna da dalili. Hukuncin alƙali a cikin fili shi ne na ƙarshe. Idan ya hura usur, magana ta ƙare. Saboda haka ba a ba kowa wannan amana sai an san tarihinsa.

Aikin kowane ɗaya

Alƙalin tsakiya shi ke riƙe da usur da agogo da kati biyu. Katin rawaya gargaɗi ne. Jan kati kora ce daga fili. An fara aiki da katunan nan a gasar cin kofin duniya ta 1970, a ƙasar Meziko, don kowa ya gane hukunci ko da bai ji harshen alƙali ba.

Mataimaka biyu suna bin gefen fili da tuta a hannu. Su ke nuna fitar ƙwallo da satar gida. Na huɗu yana tsaye a waje. Shi ke kula da canjin ƴan wasa, shi ke ɗaga allon ƙarin lokaci. Tun gasar duniya ta 2018 an ƙara waɗansu alƙalai da ke zaune gaban talabijin suna sake duba abin da ya faru.

Abin da ake dubawa

Na farko, ƙasarsa. Idan ƙasa biyu za su kara, alƙali ba ya fitowa daga ɗayansu.

Na biyu, lafiyarsa. Wasa minti 90 ne, kuma alƙalin tsakiya yakan yi gudun kilomita 10 ko fiye. Kafin a yarda da shi, sai likita ya duba shi, sannan a gwada gudunsa da agogo.

Na uku, ayyukansa na baya. Alƙali yana farawa daga ƙananan wasanni na gari. Idan ya yi kyau, a ba shi na jiha, sannan na ƙasa. Hukumar ƙwallo ta ƙasarsa ita ke aika sunansa ga FIFA, wato hukumar ƙwallo ta duniya. A manyan wasanni akwai wani tsohon alƙali da ke zaune cikin ƴan kallo da takarda. Yana rubuta inda alƙali ya yi daidai da inda ya kuskure, yana ba shi maki. Waɗannan takardu su ne tarihinsa. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Wasan ƙarshe na 1998

A shekarar 1998 an yi gasar cin kofin duniya a Faransa. An zaɓi alƙalan tsakiya 34 daga duniya duka. Biyar daga cikinsu ƴan Afirka ne: daga Maroko, Masar, Afirka ta Kudu, tsibirin Moris, da Nijar.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar 12 ga Yuli, tsakanin Faransa da Birazil, a wani fili kusa da birnin Paris mai ɗaukar mutum wajen 80,000. Da aka tashi zaɓen alƙali, sai aka ba Sa'id Belkola, ɗan Maroko. Kafin wannan rana, babu ɗan Afirka da ya taɓa hura wasan ƙarshe na kofin duniya.

Ga abin da aka sani game da shi. An haife shi a 1956, a garin Tifelet. Ma'aikacin duwan ne. Sunansa ya shiga cikin alƙalan FIFA a 1993. A watan Fabrairu na 1998 shi ya hura wasan ƙarshe na kofin Afirka a Wagadugu, inda Masar ta ci Afirka ta Kudu 2 da 0. A cikin gasar Faransa kuma ya riga ya hura wasa biyu: Jamus da Amurka, sannan Ajantina da Kuroshiya. Masu ba da maki sun gamsu da aikinsa.

Masu tuta su ne Mark Waren, ɗan Ingila, da Ahmat Sali, ɗan Afirka ta Kudu. Na huɗu Abdurrahman Al-Zaid ne, ɗan Saudiya. Mutum huɗu, ƙasa huɗu. Babu Bafaranshe, babu ɗan Birazil. Kuma ƙasashen nan huɗu duk an riga an fitar da su daga gasar, ba su da riba ko hasara a wasan.

Ranar wasa tarihin Belkola bai ba shi kunya ba. Zidan ya ci wa Faransa ƙwallo biyu da ka kafin hutun rabin lokaci. A minti na 68 wani ɗan bayan Faransa, Marsel Desayi, ya yi wa ɗan Birazil mugun shiga. Dama yana da katin rawaya ɗaya. Filin na Faransa ne, yawancin ƴan kallo Faransawa ne, shugaban ƙasarsu yana zaune yana kallo. Belkola ya ɗaga kati na biyu, ya bi shi da ja. Desayi ya fita. Faransa ta ƙarasa wasa da mutum 10, ta ci 3 da 0. Belkola ya rasu a 2002, bayan ya yi jinya.

Ɗan Nijar a cikinsu

Alƙalin da ya wakilci Nijar a waccan gasa shi ne Lusiyan Bushardo. Da Faransanci ana rubuta sunansa Lucien Bouchardeau. An haife shi a Yamai a 1961. Shi ma ba a zaɓe shi da ka ba. Ya yi alƙalanci a kofin Afirka na 1996 da na 1998. Ya yi a wasannin Olimpik na 1996 a Amurka. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya hura wasa a gasar cin kofin duniya.

Ranar 11 ga Yuni 1998 aka ba shi wasan Italiya da Shili, a birnin Bordo. Shili tana gaba da ci 2 da 1. Saura minti kaɗan a tashi, sai ƙwallo ya bugi hannun wani ɗan bayan Shili a kusa da gidansu. Bushardo ya ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Roberto Bajiyo ya buga, ya ci. Aka tashi 2 da 2. Mutanen Shili sun yi fushi ƙwarai. Sun ce ɗan wasansu bai kai hannu da gangan ba. An daɗe ana gardama a kan wannan hukunci, kuma Bushardo bai sake hura wani wasa ba a gasar. Ya rasu a 2018.

Labarinsa ya nuna nauyin aikin. Alƙali yana yanke hukunci nan take, cikin ƙyaftawar ido, yana haki, dubban mutane suna ihu a kansa. Shekaru da yawa na aiki suka kai shi wannan fili, amma hukunci ɗaya ne mutane suka riƙe.

Amfanin wannan ga karkara

Bayan girbi, samarin ƙauyuka sukan shirya wasa tsakanin gari da gari. Sau da yawa ba a tuna da alƙali sai an taru a fili. Sai a jawo wani daga cikin ƴan kallo a ba shi usur. Idan ya yi hukunci, baƙi su ce ya goyi bayan ƴan garinsu. Daga nan faɗa ya tashi, zumuncin gari biyu ya lalace saboda ƙwallo.

Akwai magani, kuma ba ya cin kuɗi. A zaɓi alƙali tun kafin ranar wasa. Ya fito daga gari na uku. Ya zama ya san dokokin wasa, yana da lafiyar gudu, kuma an taɓa ganin aikinsa. A ba shi masu tuta biyu. Shugabannin samari na garuruwan biyu su yarda da shi a gaban dattawa. Wanda ya iya rubutu ya buɗe littafi: ranar wasa, sunan alƙali, yawan ci, da waɗanda aka ba kati. Baɗi idan an tashi neman alƙali, sai a buɗe littafin a duba.