Kilo 12.5 ko 11? Ƙaramin sikelin da ke tona asirin ma'aunin gas

Daga Mandawari zuwa Kabuga, mai sayen gas ɗin girki yakan kalli lambobin sikelin mai shago, ya biya, ya kama hanya. Idan tukunyar ta ƙare kafin lokacinta, sai laifin ya koma kan uwargida.

Ba a Gwale kaɗai ake shakkar ma'auni ba. A Scotland, injiniyoyi na gwada mitocin gida da iskar haidurojin, domin sai an ƙona kusan ninki uku nata kafin ta ba da zafin gas ɗin bututu, kuma ba kowace mita ke jure wannan gudun ba.

Na Gwale bai kai haka wuya ba. Sikelin rataye na dijital, irin na auna jakar tafiya, ya wadatar. A auna tukunyar kafin a zuba, a sake aunawa bayan an zuba. Bambancin shi ne gas ɗin da aka saya. Lambar TW da ke jikinta kuwa nauyinta ne idan babu komai ciki.

Shi ma sikelin a gwada shi tukuna: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Manhajojin da ke cewa waya za ta auna tukunya, wasan yara ne.