Gwajin Samfur Kafin Masaƙa Ta Fara Aiki Gadan-gadan

Mace mai wayo in ta je sayen zane a kasuwa takan jiƙa bakin yadin, ta murza shi a farin ƙyalle, don ta ga ko zai zuba. Marini kuwa ba ya tsoma rigar mutane sai ya fara gwada babansa da ɗan tsumma. Abin da manyan masaƙu ke yi ke nan kafin su kama yin kaya da yawa. Sai dai marini in ya kuskure riga ɗaya ya ɓata, amma inji ba ya tsayawa ya duba aikinsa. A ce an ba masaƙa aikin atamfa turmi 10,000, kowane turmi yadi 6, watau yadi 60,000 ke nan. In akwai aibi a rinin, ba a gane ba tun farko, to, aibin nan zai bi yadin daga na fari har na ƙarshe. Saboda haka ake fara yin ɗan kaɗan, shi ake kira samfur, a gwada shi, sa'an nan a ba da izinin ci gaba.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a Arewa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta riƙa saƙa akoko da audugar ƙasar nan har aka rufe ta a 2002. Irin gwaje-gwajen da za a bayyana a nan su ne masaƙu irinta suka saba yi, har yau kuwa su ake yi ko'ina a duniya, ko da yake na'urorin sun sake.

Ana farawa ne da zare. A lissafin Ingila ana ce da zare lamba 20 in ƙulli 20, kowanne mai tsawon yadi 840, suka yi nauyin laba ɗaya. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon sirantakar zaren. Mai gwaji yakan naɗe yadi 120, ya auna nauyinsa don ya san lambarsa, sa'an nan ya rataya shi a na'ura mai ja har ya tsinke, ya rubuta nauyin da ya tsinka shi. Amma fa ba a kowane ɗaki ake wannan aiki ba. Auduga tana shan laima daga iska, in ta sha kuwa nauyinta da ƙarfinta sukan ƙaru. Zaren da aka auna a Kaduna cikin Agusta, in aka sāke auna shi da hunturu, sai a ga kamar an musanya shi. Don haka ake tsare laimar ɗakin gwaji a kashi 65 cikin 100, a bar samfur ya kwana a ciki kafin a taɓa shi.

In an saƙa, sai a ɗora wa yadin wani ɗan madubi mai ƙara girman abu, a ƙidaya zaren tsaye da na kwance da ke cikin inci ɗaya. Nan ne ake kama mai rage zare. Daga nan a yi wa yadin alama biyu, a auna tsakaninsu, a wanke, a shanya, a sāke aunawa, don a san iyakar tsukewarsa. Wankin nan yana tona wani asiri kuma. Akan shafa wa zaren tsaye sitati don kada ya tsinke a kan inji, wannan ba laifi ba ne. Amma akwai masu cika shi da gangan don yadi ya yi kauri a hannun mai saye, ran da ya shiga ruwa sai ya koma kamar rariya. Awon nauyi kafin wanki da bayansa shi ke raba gardama.

Gwajin launi shi ya fi ɗaukar lokaci. Ana ɗinka samfur da farin ƙyalle a wanke su tare da sabulu a ruwan zafi. Ana kuma goga masa farin ƙyalle sau 10, busasshe da jiƙaƙƙe. Sakamakon ana ba shi lamba daga 1 zuwa 5: lamba 5 ba abin da ya canja, lamba 1 kuwa ya zuba sarai. Don sanin jimirinsa ga rana, sai a sa shi cikin haske mai ƙarfi tare da ƙyallaye 8 na shuɗin ulu waɗanda aka riga aka san saurin koɗewar kowannensu, a ga da wanne ya koɗe tare. A ƙasa mai rana irin wannan, yadin da ya ci gwajin wanki ya faɗi na rana bai ci kome ba.

To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Samfur na fari gwanin ma'aikata ne ke yinsa, a natse, da zaɓaɓɓen zare. Kyansa ya nuna masaƙa ta iya, bai nuna abin da za ta yi kullum ba. Saboda haka mai hankali ba ya ba da izini tukuna, sai an kunna injin da za a yi ainihin aikin da shi, an yi 'yan bandir kaɗan da ma'aikatan yau da kullum. Daga cikinsu ne mai saye zai zaɓa da hannunsa, ba wanda aka miƙo masa ba, ya yanka daga tsakiyar bandir, ba daga baki ba. In wannan ya yi daidai da na farin, sa'an nan a sa hannu. Mai masaƙa na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, gama gyara a yadi 100 ya fi masa sauƙi bisa ga dawo masa da kaya mota guda.

Gwamnati ma tana da nata hannu a ciki. Da dokar soja mai lamba 56 ta 1971 aka kafa hukumar tsare ingancin kaya, wadda yanzu ake kira SON. Ma'aikatanta sukan shiga ma'aikatu su ɗebi samfur su gwada, kayan da suka cika ƙa'ida a yarda a buga musu tambarin NIS. Abinci da magunguna kuwa suna hannun NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Amma tambarin hukuma ya shaida ne cewa kaya sun kai ƙa'idar ƙasa, bai shaida abin da mutum biyu suka shirya tsakaninsu ba.

Wannan shi ne wurin da ya shafi hakimai da malamansu. Sau da yawa jama'ar gunduma sukan tara kuɗi su ba da aikin yadin 'yan makaranta ko na wani biki, in kaya suka zo ba yadda aka zata ba, ƙofar hakimi ake fara zuwa. Shari'ar "ya ce, na ce" kuwa ba ta da daɗin yankewa. Ya kamata tun ran da aka amince da samfur a raba shi uku: ɗaya ga mai yin kaya, ɗaya ga masu saye, ɗaya a ofishin hakimi. Kowane yanki a sa masa kwanan wata da hannun ɓangarorin biyu a jikin yadin kansa. Malamin hakimi ya rubuta faɗin yadin, da tsawon turmi, da yawan zare a inci, da ko an wanke samfurin ko ba a wanke ba, da abin da aka shirya za a yi in kaya suka saɓa. Sa'an nan ya naɗe nasa yankin a takarda, ya sa a akwati. Kada a maƙala shi a bango ko kusa da taga, domin in rana ta ci launinsa wata uku, ba sauran abin da za a gwada kaya da shi ran da suka iso.