Ko Kun Sani? Gawo Ya Riga Masana

Gawo na kakkaɓe ganyensa ne da damina, ya yi kore shar da rani. Shi ya sa kakanninmu ba sa sare shi a gona: gero ya sha rana a gindinsa, ganyen ya zama taki, awaki su ci 'ya'yansa. Sai daga baya masana suka gano saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. A Maraɗi, tun 1983, manoma tare da wani mai suna Tony Rinaudo suka riƙa rainon tohon kututture, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. Manomi, in ka fita sassabe, ka bar tohon gawo ya girma.