Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa Gizo da Ƙoƙi, waɗanda iyayenmu mata a Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana suka mai da su miji da mata a tatsuniya, a wurin masana ilmin halittu ba dangi ɗaya ba ne? Gizo-gizo, ɗan'uwan kunama da kaska, ƙafafunsa 8, jikinsa kashi 2, alhali ƙoƙi-ƙoƙi, tamkar fara da tururuwa da ƙudan zuma, ƙafafunta 6, jikinta kashi 3. Haka kuma surori uku na Alƙur'ani mai girma, wato Nahli da Namli da Ankabuti, da sunayen ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo aka san su. Saboda haka, ya ku malamai, ku kai yara bakin gona su ƙirga ƙafafun nan da kansu, domin tafakkuri cikin halittar Allah ibada ne.