Kwamfuta a Tafin Hannu: Yadda Ake Ɗora Mata Buɗaɗɗiyar Manhaja



Na san akwai waɗanda suka shigo zauren nan suna tambayar kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da zancen kwamfuta? Amsar ita ce haruffa uku, watau ɓ da ɗ da ƙ. Sa'ad da nake rubuta kundin digirina na uku a ƙasar waje, na kai wani babi a buga mini, sai ya fito ƙugiyoyi duk sun zube: ƙafa ta koma kafa, ɗaka ya koma daka, ɓata ta koma bata. Tun daga ran nan na gane cewa wanda bai san cikin na'urarsa ba aro yake yi, ko da kuwa da kuɗinsa ya saya, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Na'urar da Manhajarta

Abin da nake riƙe da shi ɗin nan sunansa Raspberry Pi. Kwamfuta ce cikakkiya wadda aka tara sassanta duka a kan falle ɗaya, tsawonsa milimita 85, faɗinsa 56. Wata gidauniya ce ta birnin Kambirij a Ingila ta ƙirƙiro ta, da jagorancin Eben Upton, bayan da malaman jami'ar can suka lura masu neman karatun kwamfuta suna raguwa. An fara sayar da ita a watan Fabrairu na 2012 a kan dala 35. Samfuri na 4 ya fito a 2019, na 5 kuma a 2023.

To, wannan falle shi kaɗai gangar jiki ne ba rai. Abin da ke tafiyar da shi shi ne babbar manhaja, wadda aikinta ya yi kama da na sarkin kasuwa: ita ke ba kowane aiki rumfarsa a ma'ajiya, ita ke tsara wanda zai shiga da wanda zai jira, ita ke raba gardama idan biyu sun nemi wuri ɗaya.

Manhajar irin wannan kashi biyu ce. Akwai rufaffiya, wadda kamfani ke ba ka izinin amfani da ita amma ya ɓoye asalin rubutunta. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda kowa ke da ikon ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Richard Stallman ya fara shirin GNU a Amurka a 1983. Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, ya rubuta zuciyar Linux a 1991. Ian Murdock kuma ya kafa Debian a 1993. Daga Debian ɗin nan aka samo Raspberry Pi OS, wadda kafin 2020 ake kira Raspbian. Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu, domin haka magabatanmu suka yaɗa ilmi: almajiri ya kwafi littafin malaminsa da hannu, ya ƙara bayani a gefen shafi, na bayansa ya kwafa daga gare shi.

Matakan Ɗorawa

Da farko a tanadi kaya: fallen kansa, da ɗan katin ajiya irin na wayar hannu mai gigabait 32, da allon kallo ko talabijin mai kafar HDMI, da allon haruffa, da linzami, da caja mai kyau. Samfuri na 4 yana bukatar bolt 5 da amfiya 3. Sa'an nan ana bukatar aron wata kwamfuta mai intanet na ɗan lokaci, domin a kanta za a shirya katin.

Na biyu, a sauko da Raspberry Pi Imager, wadda aka fitar a 2020, a kan kwamfutar aron. Za ta tambayi abu uku: wane samfuri, wace manhaja, wane kati. Tambaya ta farko tana da dalili, domin ƙwaƙwalwar fallen ƙirar ARM ce, ba ta jin yaren manhajar da aka yi wa kwamfutocin ofis masu ƙirar Intel. Ta uku kuwa ita ce mai haɗari. Duk abin da ke kan katin da aka zaɓa za a shafe shi ƙaf, saboda haka a duba sau biyu kada a nuna ma'ajiyar takardun ofis bisa kuskure.

Na uku, a sa suna da kalmar sirri. A da kowane falle yana zuwa da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya da duniya duka ta sani, kamar unguwar da mabuɗi guda ke buɗe kowane gida. An daina wannan a 2022. Bayan haka sai a ba da umarnin rubutawa, a jira har ta gama ta kuma tantance abin da ta rubuta. Kada wani ya ce zai taƙaita wahala ya jefa fayil ɗin cikin kati kawai. Jibge tubali a fili ba shi ne gina gida ba. Rubutawar tana raba katin gida biyu, ƙaramin zaure mai ɗauke da abin tayar da na'ura, da babban sashe inda sauran manhajar take, kuma zauren nan fallen ke nema da zarar ya sami wuta.

Na huɗu, a zura katin a ƙasan fallen, a jona allon kallo da allon haruffa da linzami, sa'an nan a jona wuta daga ƙarshe. A samfuri na 4 jar fitila tana nuna wuta ta shiga, koriya mai ƙyaftawa kuma tana nuna ana karanta kati. Tashin farko yakan ɗan jinkirta, domin manhajar tana faɗaɗa kanta ta cika katin. Idan ta buɗe, a haɗa da intanet a sabunta ta, saboda a toshe ɓarakar da aka gano bayan fitowarta.

Gargaɗi Game da Wuta

Na'urar ba ta da ci. Wat 15 ya ishe ta, har ƙaramin farantin sola da batir suna iya riƙe ta. Amma ɗaukewar wuta tana tsakar rubutu kan lalata katin. Ni kaina na taɓa rasa jerin kalmomin sana'ar jima da na yi makonni ina tarawa ta wannan hanya. Don haka a kashe ta ta hanyar umarni kafin a zare waya, a sa batir tsakaninta da soket, a kuma ajiye kwafin aiki a wani wuri dabam. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Yanzu in koma kan ƙugiyoyina. A cikin jerin tsare-tsaren allon haruffa da ke zuwa tare da Linux akwai na Hausar Nijeriya, akwai na Hausar Gana. Mutum ya zaɓa, sai ɓ da ɗ da ƙ su fito daga yatsunsa. Wasu ne suka zauna suka tsara wannan suka bayar kyauta, don lasisin manhajar ya ba su dama. Damar nan tana nan ga ɗalibin da ke son fassara umarnan na'ura zuwa Hausa, da ma'aikacin da ke son ajiye rajistar ofishinsa da sunayen mutane daidai yadda iyayensu suka raɗa musu. Abin da nake roƙo shi ne kowane sashe ya sami falle ɗaya, a bar ɗalibai su ɗora, su ɓata, su sake ɗorawa, tun da asarar ba ta wuce shafe kati ba.

 Allah ya sa mu dace, amin.