Ƙuraje da Kumburi a Jikin Talotalo

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu a Kalgo da ƙauyukan ƙasar Gwandu muna kiwon talotalo, domin in Kirsimeti ta matso, kuɗin guda ɗaya ya fi na kaji da dama. Amma wajen ƙarshen damina sai mu ga ƙuraje sun feso musu a kai. Wani ya yanke da reza, wani ya ƙona da ƙarfe mai zafi, wani ya shafa baƙin mai. Sau da yawa wannan gaggawa ce ke jawo hasara. Kafin mu taɓa kumburi, sai mu fara sanin irinsa.

Da fari, akwai wanda ba ciwo ba ne. Talotalo, musamman namiji, yana da jan nama gudaji-gudaji a kai da wuya, da leɓe mai reto bisa baki, da gemu mai kaushi a ƙirji. Halittarsa ke nan. Naman lafiya yana da laushi, ba ɓawo, ba ruwa. Mu bar shi.

Na biyu, ciwon ƙurajen kaji. Yakan fara da ƙananan ƙuraje farare a inda ba gashi, wato kai da wuya da gefen ido. Daga baya su yi baƙin ɓawo. Sauro ne babban mai yaɗa shi, shi ya sa ya fi damun gidajen da ke kusa da fadama da gonakin shinkafa. In a fata kaɗai ya tsaya, yakan warke cikin mako 2 zuwa 4. Mu ware marar lafiyan, mu shafa aidin a hankali ban da cikin ido, mu ajiye abinci da ruwa kusa da shi, gama in ɓawo ya rufe masa ido yunwa ce za ta kashe shi. Kada mu ɓamɓare ɓawon. Wanda ya faɗi mu share mu ƙone, domin ƙwayar cutar tana yin watanni a cikinsa. Mu buɗe baki kuma mu duba. In akwai wani abu rawaya manne a maƙogwaro, wannan shi ne mai haɗari, sai a kira malamin dabbobi. Ciwon ba ya kama mutum.

Na uku, kumburi a ƙarƙashin ido, tare da majina da atishawa. Wannan ciwon hanci ne, yana bin ƙwai ya kama 'yan tsaki. Akwai maganinsa a asibitin dabbobi, amma kada mu bar irin wannan tsuntsu don iri.

Na huɗu, kumburi guda ɗaya a ƙashin ƙirji ko a tafin ƙafa. Yawanci kwanciya a ƙasa mai tauri da jiƙa, ko taka ƙaya, ke kawo shi. Ba ya yaɗuwa. Mu shimfiɗa busasshiyar ƙaiƙayin shinkafa a akurki.

Amma in kai ya kumbura ya yi shuɗi, tsuntsaye kuma suna mutuwa farat ɗaya, kada mu yanka, kada mu kai kasuwa. Mai yiwuwa murar tsuntsaye ce, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a Jihar Kaduna a 2006, tana kuwa iya kama mutum. Mu kai labari ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko Birnin Kebbi, nan da nan.

Rigakafi ya fi magani. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar rigakafin ƙuraje. Ana yi wa talotalo mai lafiya yana ɗan wata 2 zuwa 3, a cinya. Ba a yi masa a fiffike kamar kaza, domin yana kwana da kai a ƙarƙashin fiffike, sai ƙurajen su kama fuskarsa. Bayan kwana 7 zuwa 10 mu duba wurin. In ya ɗan kumbura, allura ta kama.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma da zarar an haɗa ta ba ta kwana. Saboda haka kowace ƙungiya ta ƙirga tsuntsayenta, a haɗa kuɗi, a sa rana ɗaya kafin sauro ya yi yawa, a kawo maganin cikin ƙanƙara. Wanda aka sayo a kasuwa kuwa, a ware shi mako 2 kafin ya shiga cikin sauran.