Tsohon Rediyo: Kada Mu Sayar Da Tarihi A Kan Sikeli

Duk wanda ke shiga kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya, Illela, Maigatari ko Ƙonni, ya saba ganin 'yan gwangwan suna ɗora tsofaffin akwatunan rediyo a kan sikeli. A fasa, a cire jan ƙarfe, a watsar da sauran. Mu da muka tashi muka tarar da iyayenmu suna ɗinka wa rediyo riga saboda ƙura, abin yana ba mu takaici, domin hasara ce ta kuɗi da ta tarihi a lokaci guda.

Idan mai karatu bai manta ba, rediyo ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun a 1944 aka fara ja wa mutanen Kano akwatin magana ta waya. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, na Kaduna a 1962, sashen Hausa na Jamus kuma a 1963. Daga nan rediyo ya zama abokin fatauci. Alhazai suka riƙa sayo National da Sony daga Jidda, 'yan ci-rani kuma suka riƙa dawowa daga Sabha ta ƙasar Libiya, ta Dirku da Agadas, riƙe da rakoda mai kaset. Su ne a yau ke jibge a ƙarƙashin gadaje da cikin zauruka.

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, a ƙasashen waje tara waɗannan akwatuna da gyara su sha'awa ce mai ƙungiyoyi da kasuwarta. A Amurka akwai Antique Wireless Association tun 1952, a Ingila kuma British Vintage Wireless Society tun 1976. Sun fi neman masu bawul, wato waɗanda sai an kunna an jira sun ɗau zafi kafin su yi magana, irin Grundig da Philips, sai kuma 'yan ƙanana masu taransista na farko-farko, waɗanda suka fara fitowa a 1954.

To, me ke ɗaga darajar tsohon rediyo? Kasancewarsa yadda kamfani ya ƙera shi. Gilashin da ke nuna mita, maɓallan murɗawa, murfin baya da lambar ƙira duk su kasance nasa ne. Wanda ya shafa masa sabon fenti don ya yi kyau, ya kashe kasuwarsa da hannunsa.

Sai a kiyaye abu uku. Na farko, a cire batir kafin a ajiye, domin ruwansa na cin ƙarfe. Na biyu, kada a yi gaggawar jona mai bawul da wuta. Kwandansa da ta shekara da shekaru ba ta aiki tana iya ƙona taransifoma, kuma wutar cikinsa na iya kisa. Na uku, a duba bayansa, domin wasu an yi su ne don wuta 110, alhali tamu 220 zuwa 240 ce.

Babbar matsalar ita ce ta masu gyara. Dattawan da suka san waɗannan injuna a Sabon Garin Kano da Maraɗi suna ta raguwa, samari kuwa sun koma gyaran wayar salula. Ga shi amfanin akwatin bai ƙare ba. FM ba ya nisa, ana kuma iya rufe shi, kamar yadda Nijar ta dakatar da RFI a 2023. Gajeren zango kuwa yana tsallake iyaka ba tare da fasfo ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa, kafin a miƙa wa ɗan gwangwan, a kai wa tsohon mai gyara ya duba, a kuma tura masa yaro ya koya. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.